Ranar da Na Goge Sunan Kakan Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Wasu shekaru ne suka kwashe su, wasu kuma ni na ga dama na watsar. Amma abin da ya shiga tsakanina da dutsen zoben surukina ba ya cikinsu. Wannan kam ba zan manta da shi ba har a binne ni.

Ni aikin tayil nake yi. Shekara talatin da wani abu ina durƙuso a gidajen mutane ina daidaita musu ƙasa, yanzu gwiwa ta tafi, baya ma yana shirin bin ta. A Mafoni aka haife ni, iyayena mutanen Kano ne da kasuwanci ya kawo su Maiduguri suka zauna. Boko aji uku na yi na gudu. Allo kuwa na haddace abin da zan yi salla da shi, amma in ka ajiye min rubutu a gaba, da ni da bango duk ɗaya. Na faɗi wannan tun yanzu don shi ne tushen maganar.

Wasan dutse na fara shi ne lokacin da gari ya yi zafi, ana rufe mutane a gida tun la'asar, babu mai gini balle mai sa tayil. Wani ɗan Ibo da nake sayen kaya a shagonsa, wanda ya taɓa zama a Jos cikin masu harkar duwatsu, shi ya ga na fara magana ni kaɗai saboda zaman banza. Ya ɗauko wani gwangwani cike da ɓallin duwatsu masu launi, sirara kamar yankan albasa, ya ce, “Oga, ɗauki wannan ka je ka yi wasa, kafin ka haukace ka bar ni ba kwastoma.” Shi ya nuna min yadda ake yi. Dutsen da ya yi siriri ba ya jure gurza, karyewa yake. Sai ka samo guntun baƙin tayil ko wani dutse mai ƙarfi, ka daidaita fuskokinsu, ka haɗa su da gam mai haɗi biyu, ka danne ka bari ya kwana. Washegari ka zagaye shi, ka manna shi a kan ƙusa don ka samu mariƙi, ka yi ta gurza da ruwa har ya fitar da doro kamar bayan kunkuru. Daga nan sai samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ƙarshe ka murza a kan fata har ka ga fuskarka a ciki. Ni goyo nake ce wa wannan aikin, don ƙaton ne yake goya siririn a bayansa. Ban ɗauke shi sana'a ba. In na gama sai in kai wa wani abokina maƙerin azurfa a Yerwa ya ɗaura a zobe, in ba wanda raina ya so. A rumfar bayan gidana a Gomari nake yi, jirage suna wucewa a kaina, kuma nan ne kaɗai wurin da nake zama ban ji ciwon baya ba.

Surukina kuwa dattijo ne Bakanure, tsohon mai ɗinkin hula a Yerwa. Shi ya ba ni 'yarsa lokacin da danginsa suke cewa me za a yi da lebura, kuma Bakano. Ban taɓa manta masa wannan ba. Amma kun san yadda ake da suruki. Shekara ashirin da biyar ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar idonsa ba. In na je gaisuwa in tuɓe takalmi tun daga nesa, in tsuguna, “Baba, ina wuni, ya jiki,” ya ce lafiya, ya tambayi yara, shi ke nan na tashi. Duk wata magana ta gaske ta bakin matata take bi, ta je ta dawo. Ta bakinta ma na ji cewa wasan tsakuwa yake kiran abin da nake yi a rumfa. Ya ce mutum da furfura a gemu yana wasan tsakuwa. Na yi dariya a gabanta, amma ta zauna min a rai.

Yana da zoben azurfa mai jan dutse, irin wanda ake kira aƙiƙ, shimfiɗaɗɗe, ba doro. Tun da na san shi yana hannunsa, kuma in yana zaune kullum babban yatsansa yana kan dutsen yana shafawa. Na ubansa ne. Iyakar abin da na sani ke nan.

Wata Asabar matata ta dawo daga gidansu ta miƙo min wata 'yar takarda a naɗe. Azurfar ta cinye, dutsen ya faɗo. Ta ce, “Baba ya ce tunda ka san maƙeri, ka kai a mayar masa. Ya ce kuma a goge shi.”

Da Kanuri ya faɗa mata, ita ta juya min da Hausa. Shi abin da yake nufi, a sa tsumma da ruwa a cire dattin da ya taru. Ni kuwa a rumfata kalmar nan ma'ana ɗaya gare ta. In na ce zan goge dutse, to zan ci fuskarsa ne har ta yi sumul. Na buɗe takardar na ga fuskar dutsen duk zane-zane, ƙanana, a karkace, datti ya cika su. Na ce a raina, Allah sarki, shekaru sun yi wa dutsen nan ƙarzuna. Wani daɗi ya kama ni. Na ce yau dattijon nan ya yarda wasan tsakuwa yana da rana. Na ƙudura sai na mayar masa da shi yana ƙyalli yadda bai taɓa gani ba.

Da na tambayi matata kalma ɗaya, da ba a yi haka ba. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, taku goma tsakaninmu. Ban tambaya ba, don ina so in ba su mamaki ita da ubanta. Na kuwa ba su.

Washegari da hantsi na manna shi a kan ƙusa, na jiƙa dutsen gurza, na fara daga gefe ɗaya. Aƙiƙ yana da tauri, amma ni ma hannuna ya saba. Ina gurzawa ina dubawa, zanen gefen yana ɓacewa, ina jin daɗi. Sai ga matata ta shigo da kofin kunu. Ta tsaya a kaina, ta leƙo, sai na ji kofin ya bugi ƙasa.

“Innalillahi! Malam, me kake yi?”

“Gogewa nake, ba haka ya ce ba?”

“Rubutu ne! Hatimin kakana ne! Sunansa ne a jiki!”

Na ɗaga ƙusar na kalla. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar ya yi sumul, yana sheƙi, kyakkyawa, babu komai a kai. Gefen kuma ya yi siriri kamar farce. Matata ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta tsuguna tana kwashe kunun da ya zube da hannu, tana hawaye, tana cewa, “Shi ke nan abin da ya rage masa na ubansa. Gidan ya ƙone, littattafan sun ƙone, wannan ne kaɗai.”

Zan faɗi abin da na yi bayan nan, ko da bai yi min kyau ba. Na buɗe gwangwanina na nemo wani jan dutse mai kama da shi, na yanke shi daidai girman wancan. Dattijon idonsa ya yi rauni. Na ce in maƙeri ya yi masa 'yan zane-zane ya shafa datti, wa zai gane? Na hau napep na tafi Yerwa da duwatsu biyu a aljihu.

Maƙerin nan tsarana ne, mun saba zolaya, Bakano yake ce min. Na same shi yana hura wuta. “Wushe, Bakano, yau me ka kawo, gutsuren bandakin wa?” Ban yi dariya ba. Na ajiye duwatsun biyu na gaya masa komai, har da abin da nake so ya yi.

Ya ɗauki sabon ya jujjuya, ya ajiye shi can gefe da yatsa ɗaya kamar abin ƙazanta. Ya ce, “Mutumin da ya shekara hamsin yana shafa abu da yatsa, kana ganin da ido yake saninsa? Ko da ba zai gane ba, ni ba zan yi ba. Kuma in ka kai wa wani ya yi, kar ka ƙara zama a kan bencin nan.”

Na ce, “To Malam, in yi yaya? In mutu?”

“Mutuwa ba yanzu ba. Miƙo na gasken.”

Ya wanke shi, ya ɗauko wani ɓallin madubi ya kara dutsen a gabansa, ya matso da ido. Shi ya yi karatun allo mai zurfi. Ya ce, “Ka san me ya sa ka ɗauka ƙarzuna ne? Hatimi a juye ake sassaƙa shi, don in an buga a takarda ya fito a miƙe. Ko mai karatu sai ya lura.” Ya karanta a cikin madubin a hankali. Sunan uban surukina yana nan cif. Bayansa akwai kalmar da ke nufin ɗan wane. Daga nan sai wutsiyar harafi ɗaya, sai fili. Sunan kakan ne na cinye.

Ya ce in aka ɗaura shi a haka, ranar da ya matsa bakin azurfa a kan siririn gefen nan, ranar zai tsage. Can sai ya tashi ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya yage farar takarda, ya kifa dutsen a kai, rubutun yana ƙasa, ya jiƙa bayan da yawu. “Zo ka gani, Bakano.” Na leƙa. Can cikin jan, kamar abu a ƙarƙashin ruwa, akwai inuwar layuka.

Ya ce, “Kai ba goyo kake yi wa duwatsu ba? Cika rubutun da kwalli, ka kifa shi a kan farin abu, ba baƙi ba, baƙi zai haɗiye shi. Sai ka ci bayan har haske ya ratsa. In ka duba ta baya, abin da yake a juye zai miƙe.”

Na miƙa hannu zan karɓa, ina so in ruga gida in fara. Ya rufe tafinsa.

“Ina za ka?”

“Gida, in fara.”

“Ka tambayi mai shi? Jiya ba ka tambaya ba ka ci sunan kakansa. Yau kuma za ka kifa masa sunan ubansa ba ka tambaya ba? Gidan ga shi can, lungu uku. Kuma kar ka aiki matarka. Ba ita ta gurza ba.”

Lungu ukun nan sun fi min tafiyar Kano nisa. Na tarar da dattijon a zaure a kan buzu, bayan azahar, yatsansa yana shafa wurin da zoben yake da. Na tuɓe takalmi, na tsuguna, na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara, yana jiran in tashi kamar kullum. Ban tashi ba.

Na ce, “Baba, na yi ɓarna.”

Na buɗe takardar na ajiye a gaban buzunsa. Na faɗa masa yadda aka yi, kaina a ƙasa. Ban sa matata a ciki ba, ban ce ita ta juya maganar ba daidai ba, don ba laifinta ba ne. Har na ɗayan dutsen na faɗa masa, wanda na so a yi masa ƙarya da shi. Ban san me ya sa na faɗi wannan ba, bakina ne ya ƙi tsayawa.

Ya ɗauki dutsen. Ya ɗora babban yatsansa a kai, ya bi layukan, ya zo inda suka ƙare, ya tsaya. Ya koma farko ya sake bi, ya sake tsayawa a wurin. Sau uku. Ina jin wani mai ruwa yana wucewa a waje da kurarsa, ina jin numfashin dattijon. Na gwammace ya ɗauki sandarsa ya rafka min.

Da ya buɗe baki sai ya ce, da Hausarsa mai nauyin Kanuri, “Kai ka iya karatu?”

“A'a, Baba.”

“To. Ni na ce a wanke masa fuska, kai ka yi masa aski.”

Ban san ko dariya ake so in yi ko kuka ba. Na daure na gaya masa dabarar maƙeri. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya biyu.

“In ka kifa shi, yatsana zai ƙara jin rubutun?”

“Ba zai ji ba, Baba.”

“Ido zai gani?”

“In Allah ya yarda. Amma ban yi alkawari ba. Yana iya fashewa a hannuna.”

Ya naɗe dutsen ya sa a aljihun gaba, ya ce in gaida gida. Na tashi na fita ban san matsayina ba.

Kwana shida ba labari. Na je aiki na sa tayil a karkace, mai gida ya sa na ɓalle. Matata ta je gidansu ta dawo ta ce bai ce mata komai ba, yana zaune da dutsen a hannu kawai. Ranar Asabar da safe ina rumfa ina zaune ba na komai, sai na ji napep ya tsaya a ƙofar gida, na ji matata tana ta sannu da zuwa da Kanuri cikin ruɗewa. Dattijon ne da sandarsa. Rabonsa da gidana tun sunan autarmu. Bai zauna a ɗaki ba, ya ce a kai shi inda ake wasan tsakuwar.

Ya zauna a kan bokitin da na kifa masa, ya kalli gwangwanaye da samfefa da ƙusoshi. Ya ce, “Me za ka goya masa? Don shi ne zai taɓa fatata ina salla.” Na nuna masa guntun farin mabul da ya rage daga wani masallaci da na yi wa aiki. Ya shafa, ya ce wannan ya yi. Sannan ya fito da dutsen, ya bi layukan da yatsa sau ɗaya, a hankali, ya miƙo min. “Na gama sallama da shi. Yi bismilla.”

A gabansa na cika rubutun da kwallin matata, na share saman, na haɗa gam na kifa shi a kan mabul. Sauran aikin kwana huɗu ya ɗauke ni. Ban kunna injin gurza ba ko sau ɗaya. Samfefa na shimfiɗa a kan gilashi, da ruwa, da hannu, in ja sau goma in tsaya in duba. Rana ta farko babu komai sai ja. Rana ta biyu inuwa ta fara tasowa. A rana ta uku na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsana, na ɗauka ya tsage, ashe ƙwayar yashi ce ta shiga. Na wanke komai na zauna na kusa awa ban iya ci gaba ba. Da na murza shi a kan fata a rana ta huɗu, sai ga baƙaƙen haruffa kwance a cikin jan dutse, farin yana haska su daga ƙasa. Ni ban iya karanta su ba, amma ko ni na ga rubutu ne.

Maƙeri ya ɗaura shi a tsohuwar azurfar, ya ƙara mata baki. Da zai ba ni ya ce, “Bakano, ashe kana da amfani.” Ni da matata muka kai.

Dattijon ya sa aka fitar masa da buzu bakin zaure inda rana take. Ya sa tabarau, ya kawo zoben kusa da hanci, ya nisanta, ya karkata shi. Sai na ga leɓensa yana motsi. Ya karanta sunan ubansa a fili, ya sake karantawa. Ya ce wa 'yarsa da Kanuri, ita ta faɗa min daga baya, rabon da ya ga sunan nan a miƙe tun yana yaro, lokacin da ubansa yake buga shi a ƙasan wasiƙa. Ya cire tabarau ya share ido da bakin riga, ya ce rana ce ta yi masa yawa.

Sannan ya juyo gare ni, ya ce, “Ɗago kanka.” Na ɗago. Ranar na fara ganin ƙwayar idonsa sosai. Ya nuna filin da ba komai a gefen dutsen, ya faɗi wani suna, na kakansa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce ban faɗa daidai ba, Kanawa ba su da harshe, in sake. Sai da na faɗa sau huɗu ya yarda.

Ya ce, “Tunda kai ka goge shi, kai za ka riƙe shi. Ka koya wa 'ya'yanka. In na ji sun manta, kai zan tambaya.”

Iyakar hukuncin da ya yi min ke nan. Ya sa aka kawo shayi, ya ce in sha a nan, a gabansa. Na sha, ya ƙona min baki ban nuna ba.

Ya yi shekara uku da zoben a hannunsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Yanzu yana wurin babban ɗansa. Sunan kuwa yana wurina. 'Ya'yana biyar duk sun san shi, har jikata mai shekara huɗu tana faɗinsa, kuma ta fi ni iya faɗa. Duk sallar da na yi sai na sa mutumin nan a addu'a, mutumin da ban taɓa gani ba, ban san kamanninsa ba, na san dai na ci sunansa da dutsen gurza. Ina haɗawa da surukina, da maƙerin da ya rufe tafinsa ya hana ni gudu gida. Allah ya saka musu, don ni ba ni da abin biyansu.

Abin da na koya ba shi da yawa. In aka ba ka abin wani, ko kana ganin ka fi kowa sanin aikin, buɗe baki ka tambaya me ake so, don abin da ka ɗauka datti ne wataƙila shi ne duk abin da mutum ya mallaka. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, kar ka aika, kar ka rufe. Ɗauki ƙafarka ka je ka tsuguna ka faɗa da bakinka. Na shekara ashirin da biyar ina kiran shiruna kunya, ina ganin ladabi ne. Sai da na yi laifi na je na faɗa, sannan na san irin mutumin da ya ba ni 'yarsa.